Bil ɗin intanet da wayar gida ya tashi a Birtaniya: yadda za ka gane irin ƙarin da matakin da za ka ɗauka

Da zarar Afrilu ya kama a Birtaniya, duk inda 'yan uwa suka haɗu, bayan sallar Juma'a ne ko wurin suna, sai ka ji ana maganar bil. Wannan ya ce an ƙara masa fam 3, wancan ya ce nasa fam 14 aka ɗora, wani kuma ya rantse cewa gwamnati ta hana ƙarin kuɗi tun 2025, saboda haka cutarsu ake yi. Abin mamakin shi ne duk ukun suna iya zama a kamfani ɗaya, a titi ɗaya, da ƙarfin intanet iri ɗaya, kuma a ce ba wanda aka karya wa doka.

Wanda ya taso a Kano ko Damagaram ya saba da wani tsari dabam. Ka sayi kati, ka sa data, in ta ƙare ka sake saye, in ba kuɗi ka haƙura. Ko da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Najeriya a Janairun 2025, ba wanda ya hana ka rage saye ko sauya layi washegari. A Birtaniya kuwa hannu ka sa a kwantiragi, mafi yawa na wata 18 ko 24, kuɗin yana fita da kansa daga asusunka duk wata, kuma tun ranar da ka ce ka yarda aka rubuta cewa zai tashi. Don haka kafin ka ɗauki waya ka yi wa kowa faɗa, sai ka san wane irin ƙari ne aka yi maka, domin haƙƙinka a kan kowanne dabam yake.

Mataki na farko: ɗauko bil biyu ka jera su

Shiga manhajar kamfanin ko shafinsu, ka sauke bil na watan Fabrairu da na watan Afrilu ko Mayu. Kada ka dogara da abin da banki ya nuna maka, domin banki jimla kawai yake nunawa. Bil ɗin kansa ne yake rarrabe kuɗin layi bayan layi.

Ga yadda abin yakan kasance. A bil na Fabrairu za ka ga kuɗin intanet fam 42, a ƙarƙashinsa wani layi mai alamar ragi, rangwamen fam 12, sannan tsarin kiran waya fam 5. Jimla fam 35. A na Afrilu kuɗin intanet ya koma fam 45, layin rangwamen ya ɓace, tsarin kira yana nan, kuma can ƙasa akwai fam 4 na kiran da aka yi zuwa ƙasar waje. Jimla fam 54. Mai wannan bil zai ce an ƙara masa fam 19. Alhali ƙarin shekara fam 3 ne kacal. Fam 12 rangwame ne da wa'adinsa ya cika, fam 4 kuma wani ne a gidan ya kira lambar da ta fara da 00234 da wayar tebur.

Abubuwa huɗu ne suke ɗaga bil, kuma sukan zo a haɗe:

- ƙarin shekara da aka rubuta a cikin kwantiragi;
- ƙarin da kamfani ya yi ba tare da an rubuta adadinsa tun farko ba;
- ƙarewar kwantiragi ko rangwame;
- kuɗin abubuwan da ke wajen tsarinka, kamar kira zuwa waje, tashar talabijin da aka ƙara, ko kuɗin aiko bil ta gidan waya.

Akwai kuma wani ƙaramin abu da ke rikita mutane. Kamfanonin nan kuɗin wata mai zuwa suke karɓa tun kafin ka yi amfani da shi. Idan ranar bil ɗinka 15 ga wata ce, ƙarin kuma ya fara 31 ga Maris, to bil na farko bayan ƙarin yana iya ɗaukar bambancin kwanakin da ka riga ka biya a tsohon farashi, a haɗa da sabon farashin wata guda. Sai ya fito ya fi abin da aka gaya maka da 'yan kwabbai ko fam ɗaya da wani abu. Bil na gaba ne zai nuna maka ainihin inda aka tsaya.

Mataki na biyu: nemo ranar da ka sa hannu

Kusan duk rikicin yana warwarewa a nan. Bincika imel ɗinka da sunan kamfanin, ka nemo saƙon da suka aiko lokacin da ka shiga. Tun Yunin 2022 doka ta tilasta musu ba ka taƙaitaccen bayanin kwantiragi kafin ka amince, galibi shafi ɗaya zuwa uku, kuma a cikinsa ake faɗin yadda farashi zai sauya. Ka lura da kyau: ranar da ake nufi ba ranar da ka fara hulɗa da kamfanin ba ce. Ranar kwantiragi na ƙarshe ce. Idan bara sun kira ka suka ce za su ƙara maka ƙarfin intanet kyauta ka ce to, mai yiwuwa a ranar ka shiga sabon kwantiragi da sabbin sharuɗɗa, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Ranar da za ka auna da ita ita ce 17 ga Janairun 2025.

Kafin wannan rana, yawancin manyan kamfanoni suna ɗaure ƙarinsu da hauhawar farashi. BT ne ya shahara da tsarin tun 2020, EE da Plusnet da suke gida ɗaya da shi suka bi, Vodafone ma haka. Lissafin shi ne a ɗauki alƙaluman CPI, wato ma'aunin hauhawar farashin kaya, na watan Disamba, waɗanda ofishin ƙididdiga na ƙasa, ONS, yake fitarwa a Janairu, a ɗora kashi 3.9 a kai. TalkTalk kashi 3.7 yake ɗorawa. Virgin Media da O2 kuwa RPI na Janairu suke ɗauka, wani ma'aunin hauhawar farashi dabam wanda ya saba fin CPI yawa, su ma su ɗora 3.9.

Lokacin da farashi yake kwance ba wanda ya damu. A 2021 ƙarin bai wuce kashi 4.5 ba. A 2022 ya kai 9.3 ga masu CPI. Sai 2023, CPI na Disamba ya kai 10.5, ƙarin ya zama kashi 14.4, masu wayar hannu ta O2 kuma aka ɗora musu 17.3 a kan kuɗin layi. A 2024 ya sauko zuwa 7.9 ga masu CPI da 8.8 ga masu RPI, a 2025 kuma 6.4 da 7.5.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne ƙarin kan ƙari yake hawa. Wanda yake biyan fam 30 a farkon 2023 ya koma fam 34 da kwabo 32 a Afrilun shekarar. A 2024 ba a kan fam 30 aka lissafa kashi 7.9 ba, a kan sabon kuɗin ne, sai ya zama fam 37 da kwabo 3. A 2025 ya kai fam 39 da kwabo 40. Kuma a tsarin nan ko da hauhawar farashi ta tsaya cak, kashi 3.9 ɗin yana nan, sai an biya shi.

Hukumar Ofcom, wadda ke kula da harkar sadarwa, ta duba ta ga cewa mai sa hannu ba shi da hanyar sanin nawa zai biya nan da shekara, tunda ko masana ba su san inda CPI zai tsaya ba. A Yulin 2024 ta sanar da sabuwar ƙa'ida, wadda ta fara aiki 17 ga Janairun 2025: duk sabon kwantiragi dole a faɗi ƙarin a fam da kwabo, da lokacin da zai faru, a fili, tun wurin ciniki. To nan ne ji-ta-ji-tar cewa gwamnati ta hana ƙarin kuɗi ta samo asali. Ofcom ba ta hana ƙari ba, ba ta kuma sa masa iyaka ba. Abin da ta hana shi ne a ɗaure shi da kashi cikin ɗari ko da alƙaluman da ba a san su ba tukuna. Haka kuma ƙa'idar ba ta shafi tsofaffin kwantiragi ba. Wanda ya sa hannu na wata 24 a Disambar 2024 bisa tsohon tsari yana iya zama a cikinsa har ƙarshen 2026.

Wasu kamfanonin sun riga ranar. BT ya fara sa fam 3 a wata ga sabbin masu intanet tun Afrilun 2024, ya ɗaga shi zuwa fam 4 ga masu shiga daga ƙarshen Yulin 2025. Shi ya sa maƙwabta uku a BT za ka samu ɗaya yana kan CPI, ɗaya fam 3, ɗaya fam 4.

A ganina sabon tsarin ya fi tsohon gaskiya, amma bai fi shi tausayi ba, kuma talaka ya fi ji a jikinsa. Fam 3 a kan mai biyan fam 24 kashi 12.5 ne. Fam 3 ɗin nan a kan mai biyan fam 60 kashi 5 ne. Wanda ya zaɓi tsari mai araha don ya lallaɓa, shi aka fi ɗora wa nauyi.

Mataki na uku: tantance ko kana da damar fita ba tare da tara ba

Idan ƙarin da aka yi maka shi ne daidai abin da kwantiragi ya faɗa, fam 3 aka rubuta fam 3 aka ƙara, ko CPI da 3.9 aka rubuta haka aka lissafa, ba ka da damar fita kyauta saboda shi. Ka yarda da shi tun farko. In ka nace sai ka tafi, za a caje ka kuɗin fita da wuri, wanda ake lissafawa bisa watannin da suka rage, a ɗan rage wani abu. Mai sauran wata 14 zai iya ganin ɗaruruwan fam.

Idan kuwa kamfani ya ƙara abin da ba a rubuta ba, ko ya zarce abin da aka rubuta, magana ta sauya. Dole ya ba ka sanarwa aƙalla wata guda kafin ƙarin, ya kuma ba ka damar fita cikin kwana 30 ba tare da ko kwabo na tara ba. Sky ya daɗe yana bin wannan hanya a intanet ɗinsa: ba ya rubuta adadi, sai dai ya ce farashi yana iya sauyawa, in ya ƙara kuma ya buɗe maka ƙofa. An ga irin haka a O2 a Oktoban 2025, lokacin da ya sanar da cewa ƙarin da ya yi wa masu wayar hannu alƙawarin fam 1.80 zai zama fam 2.50. Ofcom ta nuna rashin jin daɗinta, masu layin kuma suka samu kwana 30 na fita.

Kwana 30 ɗin nan daga lokacin da sanarwa ta iso ake ƙirga su, ba daga ranar da ka ga kuɗin ya fita daga banki ba. Da yawa suna rasa damar don saƙon ya shiga cikin tarkacen imel na talla tun Fabrairu, ba su farga ba sai Afrilu. Saboda haka daga tsakiyar Janairu zuwa Maris, duk saƙon da ya zo daga kamfanin intanet ɗinka ka buɗe shi, ko da takensa ya yi kama da gaisuwa.

Akwai wasu ƙofofi biyu. In ta waya ko ta intanet ka ƙulla kwantiragin, kana da kwana 14 na janyewa. Sannan manyan kamfanoni da dama sun sa hannu a ƙa'idar Ofcom kan saurin intanet: sun ba ka mafi ƙarancin saurin da suka lamunce, kuma in ya faɗi ƙasa da haka ka sanar da su, suka kasa gyarawa cikin kwana 30, kana iya tafiya ba tara. Adadin yana cikin takardun da aka ba ka ranar farko.

Mataki na huɗu: in kwantiragi ya ƙare, kai ne da wuƙa da nama

Mafi yawan manyan tsalle a bil daga nan suke, ba daga ƙarin shekara ba. Kwantiragi yana ƙarewa, intanet ba ya yankewa, sai dai a mayar da kai cikakken farashi ana ci gaba da cira duk wata, kuma ƙarin Afrilu bai fasa zuwa ba. Tun Fabrairun 2020 dole kamfani ya sanar da kai tsakanin kwana 10 zuwa 40 kafin wa'adin ya cika, ya faɗi abin da kake biya, abin da za ka koma biya, da mafi kyawun tayin da yake da shi. Wanda ya riga ya wuce wa'adi kuma ana tuna masa sau ɗaya a shekara.

Kafin ka kira su, shirya. Sa lambar unguwarku a shafukan kwatanta farashi irin su Uswitch ko MoneySavingExpert, ka ga wa ke kawo intanet gidanku. Yawancin kamfanoni, BT da Sky da TalkTalk da Plusnet da sauransu, a kan wayoyin Openreach, kamfanin da ke kula da layukan da suka shiga yawancin gidaje, suke tafiya, Virgin Media yana da nasa, a wasu biranen kuma akwai irin su CityFibre, Hyperoptic da Community Fibre. Duba har da farashin da kamfaninka yake ba sabbin shiga, domin sau da yawa ya fi naka sauƙi da nisa. Rubuta tayi biyu a takarda, da sunan kamfani da sauri da farashi.

Sai ka kira, ka zaɓi lambar masu son barin kamfani. Ma'aikacin farko ba shi da ikon rage abin kirki, sashen da aka ɗora wa riƙe masu shirin tafiya ne yake da shi. Yi magana a natse: kwantiragina ya ƙare ran kaza, ina biyan kaza, kamfani kaza ya ba ni irin wannan sauri a kaza, me za ku yi mini? Daga nan ciniki ne irin na Kantin Kwari, tayin farko albarka ake ce masa. In sun ce fam 38 kai kuma kana da tayin fam 28 a hannu, ka gode musu ka ce a ci gaba da shirin rufewa. Sau da yawa a nan ne wani farashin yake fitowa. In bai fito ba, ba ka yi asarar komai ba, tunda da ma kana da wurin zuwa.

Kafin ka ce ka yarda, yi tambayoyi huɗu, ka kuma nemi amsar a rubuce: wata nawa ne sabon kwantiragin, nawa za a ƙara a Afrilu mai zuwa da na bayansa, nawa zai koma in ya ƙare, kuma akwai kuɗin haɗawa ko na aiko na'ura? Rubuta sunan wanda kuka yi magana da ranar.

Mataki na biyar: lissafa kuɗin kwantiragi gaba ɗaya

Farashin da aka rubuta da manyan baƙaƙe a talla na 'yan watannin farko ne. Ɗauki tayin fam 28 a wata na wata 24, da ƙarin fam 3 duk Afrilu, ka shiga a Nuwamba. Wata 5 a fam 28, fam 140 ke nan. Wata 12 a fam 31, fam 372. Wata 7 na ƙarshe a fam 34, fam 238. Jimla fam 750, wato fam 31 da kwabo 25 a kowane wata in an raba. In ƙarin fam 4 ne, jimlar ta kai fam 776. Kamfanin da ya ce fam 30 ba sauyi har ƙarshe, fam 720 zai karɓa. Wanda ya fi tsada a talla shi ya fi araha a aljihu. Akwai ƙananan kamfanoni, Zen Internet na cikinsu, da suke tallata kansu da cewa ba sa ƙari a tsakiyar kwantiragi, amma ka karanta sharaɗin na ranar da za ka shiga, domin kamfanoni suna sauya manufa.

Watan da ka shiga ma yana da tasiri. Mai shiga a Fabrairu yana iya shan ƙari bayan wata biyu kacal. Wasu kamfanonin suna yafe wa sabbin shiga na wannan lokaci ƙarin shekarar farko, sai ka tambaya.

Ga ɗalibai da masu bizar aiki akwai ƙarin abin dubawa. Mai digiri na biyu na shekara ɗaya da ya sa hannu a wata 24 don ya ga ya fi araha da fam 4, in ya tashi komawa gida za a bi shi kuɗin watannin da suka rage, kuma barin ƙasa ba ya goge bashin. Kwantiragin wata 12, ko na wata-wata da ake iya rufewa da sanarwar kwana 30, ya fi masa ko da ya fi tsada. Haka mai zaman haya da bai san ko zai sabunta ba: ya tambaya me zai faru in ya koma gidan da kamfanin ba ya kaiwa. In gidan haɗaka ne, wanda sunansa ke kan kwantiragi shi kaɗai za a bi, ko da sauran sun watse.

Mataki na shida: sauya kamfani

Wannan ya yi sauƙi yanzu. Tun 12 ga Satumban 2024 akwai tsarin One Touch Switch. Sabon kamfanin kawai za ka tuntuɓa, ka ba shi adireshinka da sunan tsohon, su daidaita tsakaninsu. Tsohon zai aiko maka bayanin abin da za ka rasa da duk wani kuɗin fita, ka duba kafin ka tabbatar. Kada ka kira tsohon ka rufe da kanka, domin hakan yana iya barin ka kwanaki ba intanet ko ya jawo ka rasa lambar wayar gida. In kana son lambar, faɗa wa sabon tun farko. Na'urar Wi-Fi kuma a kamfanoni da yawa aro ce, ka mayar da ita a jakar da za su aiko, ka ajiye rasit ɗin gidan waya.

Wayar gida: wa ke buƙatarta har yanzu

A gidaje da yawa wayar tebur tana nan a lungu ta yi ƙura, ana biya mata tsarin kira duk wata. Duba bil na wata uku. In ba a kira kowa da ita ba, a cire tsarin kiran, ko a koma intanet zalla in layinku ya ba da dama. Kuɗin kiran da ke wajen tsari yana da nasa ƙarin dabam, kuma kira zuwa Najeriya, Nijar ko Gana da wayar tebur ba tare da tsarin ƙasashen waje ba tsada ne ƙwarai. In akwai dattijuwa a gida da ta zo ziyara ko renon jika, wadda ta fi sakewa da wayar tebur, a nuna mata kiran WhatsApp ko a nemi kamfani ya toshe kiran waje a layin.

Masu wayar gida kaɗai ba intanet, waɗanda yawancinsu tsofaffi ne, labarinsu dabam. Bayan binciken Ofcom, BT ya rage musu kuɗin layi da fam 7 a Afrilun 2018, daga fam 18.99 zuwa 11.99, ya kuma yi alƙawarin ɗaure ƙarinsu da hauhawar farashi. In kana kula da irin wannan dattijo, duba ko a wannan tsarin yake.

Sannan ana rufe tsohon layin tarho na jan ƙarfe gaba ɗaya. An so a gama a ƙarshen 2025, aka ɗage zuwa ƙarshen Janairun 2027. Wayar za ta koma aiki ta intanet, a soka ta a bayan na'urar Wi-Fi, abin da BT yake kira Digital Voice. Sauyin da kansa ba dalilin ƙarin kuɗi ba ne, don haka in ka ga sabon caji da sunansa ka tambaya. Abin da ya fi muhimmanci shi ne sabuwar wayar ba ta aiki in wuta ta ɗauke, saɓanin tsohuwar. Wanda ya dogara da ita, ko ba shi da wayar hannu, ko yana da na'urar kiran agaji da ake rataya wa tsofaffi a wuya, a sanar da kamfani kafin ranar sauyi. Ofcom ta wajabta musu samar wa irin waɗannan hanyar kiran 999, lambar agajin gaggawa, na aƙalla awa guda in ba wuta, kyauta.

Tsarin masu ƙaramin ƙarfi

Akwai farashi na musamman ga masu karɓar tallafin gwamnati irin Universal Credit da Pension Credit. Sunan da za ka nema da shi shi ne social tariff. BT Home Essentials, Sky Basics da Essential Broadband na Virgin Media duk irinsa ne, kuma yawanci ba su kai fam 25 a wata ba. Ba a ƙara musu kuɗi a tsakiyar kwantiragi, ba tarar fita, kuma in kamfaninka yana da shi kana iya komawa kansa kowane lokaci kyauta. Sai dai mafi yawan masu bizar karatu ko ta aiki an rubuta musu cewa ba su da damar cin tallafin gwamnati, saboda haka ba za su cika sharaɗin ba. Wanda ya samu zama na dindindin kuma yana karɓar tallafi, kada kunya ta hana shi tambaya.

In ka tabbata an yi maka ba daidai ba

An ƙara fiye da abin da aka rubuta, ko ba a ba ka sanarwa ba, ko an yi maka alƙawarin farashi a waya an caji wani. Fara da kai ƙara ga kamfanin a rubuce, ka ce musu ƙara ce kake shigarwa a hukumance, ka karɓi lambar ƙarar. Faɗi ranar sa hannu, abin da takarda ta ce, abin da aka cira, da abin da kake so a yi. Suna naɗar maganganun waya, kana iya neman a saurari na ranar da aka yi maka alƙawari.

Komai zafin rai kada ka soke Direct Debit, wato izinin da ka ba su na cirar kuɗi daga asusunka duk wata. Kamfani zai ɗauka ka ƙi biya ne, ya ɗora tara, ya kai sunanka wurin masu tattara bayanan bashi, kuma tabon yana zama shekara shida a tarihinka. Ga wanda bai daɗe a ƙasar ba yana ƙoƙarin gina suna don haya ko bashin gida, fam 20 ɗin da ake jayayya a kai bai kai wannan ba. Ci gaba da biya, kana bin haƙƙinka ta takarda.

In sun ƙi warwarewa, kowane kamfani dole yana ƙarƙashin ɗaya daga cikin masu sasanci biyu, Communications Ombudsman ko CISAS, kuma sunan nasu yana kan bil ko shafinsu. A da sai ƙara ta yi mako takwas kafin ka kai can, Ofcom ta rage shi zuwa mako shida daga Afrilun 2026. In kamfanin ya riga ya ce iyakar abin da zai yi ke nan, nemi takardar da suke kira deadlock letter, da ita ba sai ka jira ba. Ba a biyan ko sisi, kuma hukuncin yana hawa kan kamfani in ka karɓe shi. Ofcom da kanta ba ta sasanta ƙarar mutum ɗaya, tana dai tara su don ta ga inda matsala ta yi yawa. In rubutun Turancin ko tsarin ya yi maka nauyi, ofishin Citizens Advice na garinku, ƙungiyar da ke ba jama'a shawara, zai taimaka maka ka tsara takardar kyauta, sai dai ka je da bil biyun nan da saƙon kwantiragi a hannu.